Ƙadangare mai gemu ya daina ci bayan maganin tsutsa: in ba shi na biyu?

Rukunin masu kiwon gida, Yamai da kewaye

Baban Nana (Yantala): Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, amma don Allah a riƙe dariya tukuna. Akwai ƙadangare mai gemu, irin na Ostireliya, da Baturen da na yi wa aiki ya bar mini da zai koma ƙasarsu, har da akwatinsa na gilashi da fitilunsa. Kwanan baya kashinsa ya koma ruwa-ruwa, ga wari, gindin wutsiyarsa kuma ya fara ramewa. Na kai kashin wurin wani likitan dabbobi, ya duba a madubin awo, ya ce ƙwan tsutsa ya yi yawa, akwai koksidiya kuma, wasu ƙananan ƙwayoyin cuta na hanji. Ya ba shi maganin tsutsa, Panacur, ta baki, ya ce a maimaita bayan sati biyu. Yau kwana uku ko gyare bai kalla ba, gemun ya yi baƙi ƙirin, yana kwance wuri ɗaya. Likitan ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Maganin ne ya yi masa ƙarfi? In lokaci ya yi in ba shi na biyu ko in ƙyale?

Mai Shanu (Lazare): Wa alaikumus salam. Kai, Arawa an ci gaba! Mu muna korar ƙadangaru daga gindin rumbu, ku kuna kai kashinsu awo. To bawana, kawo shi kasuwar dabbobi ta Turaku in tsira masa Ivomec ɗigo ɗaya, gobe ka gan shi yana tsere da kai. Shekara da shekaru shi muke yi wa shanu da awaki, tsutsa da kaska da ƙazuwa duk yana sharewa.

Baban Nana (Yantala): Bafillace, wa ya sa da kai? Kai da ko zazzaɓi ka yi sai ka nemi allurar saniya. Amma gaskiya maƙwabcina ma abin da ya ce ke nan.

Hajiya Mai Kunkuru (Filato): Baban Nana, don girman Allah kada ka bari a yi masa allurar nan. Ni na ga abin da take yi da idona. Muna da kunkuru biyu a gida tun yarana suna ƙanana, irin manyan nan namu na daji. Ƙaramin ya kwaso kaska a wuyansa da hammatarsa, sai wani mai yawo da maganin dabbobi ya ce zai yi masa ibermektin, wato Ivomec ɗin nan, ai abu kaɗan ne. Washegari kunkurun ya kasa janye kansa cikin ƙoƙo. Ƙafafun sun saki, wuyan ya zube ƙasa, ido a buɗe yana kallonmu, numfashi da ƙyar. Bai kai ƙarshen satin ba. Babban da ba a yi wa ba yana nan har yau yana cinye mini ganyen kabewa.

Mai Shanu (Lazare): Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma ba ƙila jabun magani aka yi masa ba? Kin san yanzu kwalba ɗaya, ruwa iri-iri.

Dakta (likitar dabbobi): Salamu alaikum. Yanzu na buɗe waya na ga zancen. Malam Mai Shanu, ko na gaske ne tsantsa haka zai yi. Tun 1983 likitocin dabbobi a Amurka suka buga cewa ibermektin yana shanye jikin kunkuru har ya kashe shi. Yadda maganin yake aiki shi ne ya shanye jijiyar tsutsa ta kasa motsi. A jikin saniya ba ya isa ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa ba ka ganin komai. A jikin kunkuru yana isa, sai ya yi masa abin da ya yi wa tsutsar. Kuma ba shi da makari. Abin da Hajiya ta kwatanta shi ne alamarsa daidai.

Shi ƙadangare mai gemu yana iya jure shi fiye da kunkuru, amma ga lissafin. Kwalbar da kuke amfani da ita tana da miligiram 10 a kowane mililita, kuna yin mililita 1 ga kilo 50. Baban Nana, nauyin naka nawa?

Baban Nana (Yantala): Giram 380 aka auna ranar, Dakta.

Dakta (likitar dabbobi): To ka gani. Da ma a ce za a yi masa, rabonsa bai kai mililita 0,008 ba. Ɗigo ɗaya na sirinji wajen 0,05 ne. Wato “ɗigo ɗaya” da aka ce, ya ninka rabonsa fiye da sau shida. Kuma ba shi ne maganin da ake fara zaɓa wa irin tsutsar da aka gani ba, koksidiya kuwa ko gezau ba ta yi da shi. A bar zancen allurar nan gaba ɗaya.

Mushe (Harobanda): Kada dai a ɓata sunan maganin. Shi ne aka yi shekaru ana raba wa mutane da sunan Mectizan don makantar bakin kogi, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta rabu da cutar. Waɗanda suka gano shi, Campbell da Omura, sun samu kyautar Nobel a 2015.

Dakta (likitar dabbobi): Ba wanda ya ɓata shi, Mushe. Ni ma kullum ina yi wa tumaki. Ba na kunkuru ba ne kawai. Baban Nana, mu dawo kan naka. Panacur na ruwa ne ko na gari? Nawa aka zuba masa?

Baban Nana (Yantala): Na ruwa ne fari, an rubuta 10% a jiki. A takardar ya rubuta 0,2 ml.

Dakta (likitar dabbobi): To abokin aikina bai yi ganganci ba. Ruwan yana da miligiram 100 na fenbendazol a mililita ɗaya, 0,2 ya zama miligiram 20, ga giram 380 kuwa ya kama kusan 53 a kilo. Littattafanmu suna ba da 25 zuwa 50 a kilo, wasu tsofaffi har 100. Ya ɗan haura bakin sama na abin da aka saba, amma ba sosai ba. Rashin ci na ’yan kwanaki bayan an sha shi abu ne da ake gani. Hanji ya sha magani, tsutsa na mutuwa a ciki, ga kuma wahalar kamu da buɗe baki, shi kansa yana sa gemu ya yi baƙi.

Illarsa da muke tsoro ba wannan ba ce. In aka yi ta maimaita shi kwanaki a jere ko aka wuce kima, yana taɓa ɓargo, fararen ƙwayoyin jini su ragu, dabba ta kasa kare kanta daga ƙaramar cuta. An auna haka a jinin kunkurun Turai bayan an ba su maganin. Masu tantabaru ma ku ji: shi da ɗan'uwansa albendazol suna yi wa tantabara illa ƙwarai, har su ɓata gashi in tana cikin saɓa.

Yanzu tambayata: zafin wurin da yake shan ɗumi nawa ne?

Baban Nana (Yantala): Ban auna ba. Ai Yamai muke, Dakta, wane zafi kuma za a nema?

Dakta (likitar dabbobi): Yamai cikin hunturu, cikin ɗaki, cikin gilashi. Je ka auna, a kan dutsen da yake hawa, ƙarƙashin fitilar.

Ɗan Adar (Tawa): Ni dai abin ga shina ban mamaki. Ga ƙadangaru nan bisa katanga ko'ina, wa ka ba su magani? Ku sake shi cikin gida shi ci hwara da gara, shi sha rana, lahiya lau za ya yi.

Mushe (Harobanda): Ɗan Adar ya faɗi abin da ke raina, ko da wasa yake. Ni ra'ayina tun farko bai kamata a ba shi maganin ba. Irin tsutsar nan ƙanana da ke zama a ƙarshen hanji, kusan duk ƙadangaren da ke cin ganye yana da su, har akwai masu ganin suna taimaka wa narkewar ganye. Koksidiyar ma akwai wadda ta keɓanta da wannan ƙadangaren, manya da yawa suna ɗauke da ita ba tare da ciwo ba. Sai a ga ƙwai a madubi, a firgita, a ɗura wa dabba guba. Ga shi da yana ci, yanzu ba ya ci. Wane ne ya fi cutar da shi, tsutsar ko maganin?

Dakta (likitar dabbobi): Rabin maganarka gaskiya ce, Mushe, kuma ina son mutanen rukunin nan su riƙe ta. In aka kawo mini kashin ƙadangare mai ƙiba, mai ci, mai kashi a dunƙule, na ga ƙwai jefi-jefi, ba na ba da komai. Masu ɗura magani duk wata uku “don rigakafi” kamar yadda ake yi wa garke, su ne ke jawo illar ɓargon da na faɗa.

Amma ka sake karanta saƙon farko. Zawo, wari, rama a gindin wutsiya, ƙwai da yawa. Wannan ba lafiyayye ba ne da aka tsokano. Kuma na katanga da Ɗan Adar ke faɗa, yana kashi nan ya yi gaba, ba ya komawa kansa. Na akwati yana taka kashinsa, ya taka ganyensa, ya lashe. Tsutsar nan da koksidiya ba sa buƙatar wata halitta a tsakani, daga kashi sai baki. Shi ya sa suke taruwa a jikin na gida fiye da na daji.

Mushe (Harobanda): To ai tsafta ce magani ke nan, ba Panacur ba.

Dakta (likitar dabbobi): Tsafta tana hana sabo shiga, ba ta fitar da wanda ya riga ya cika hanji.

Mushe (Harobanda): Na ji, amma ban sauka ba. Da ni ne, da na gyara wurin, na jira wata ɗaya, na sake awo kafin magani.

Hajiya Mai Kunkuru (Filato): Mushe, dabba mai giram 380 tana zawo, ka ce a jira wata? Me zai rage a jikinta?

Baban Nana (Yantala): Na auna. Digiri 27 ne a kan dutsen. Ƙwan fitilar da Baturen ya bari ya ƙone tun farkon sanyi, aka sa irin fararen nan da ba sa cin wuta.

Dakta (likitar dabbobi): Yawwa. Irin wannan ƙwan haske kawai yake bayarwa, ba ɗumi. Ƙadangaren nan daga tsakiyar Ostireliya asalinsa yake, wurin shan ɗuminsa yana son 38 zuwa 42, ɗaya gefen akwatin kuma ya tsaya wajen 25 zuwa 28 don ya samu inda zai gudu in ya ji zafi. Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa. A 27 abinci ba ya narkewa yadda ya kamata, hanta da ƙoda suna aiki a hankali, magani ya daɗe a jiki bai fita ba, garkuwar jiki ta yi rauni. Ba mamaki sanyin nan ne ya ba tsutsar dama tun farko. Kuma irinsu in suka ji sanyi da gajeren yini sukan rage ci su kwanta, ko da lafiyarsu ƙalau.

Ba zan ce maganin ba shi da hannu ba. Abu biyu ne suka haɗu masa. Amma ɗaya kana iya gyara shi yau da ƙwan fitila mai zafi. Ka rataya shi daga sama inda ba zai taɓa ba, ka auna, ka matsar har ya kai. Ɗaya fitilar, doguwar, ita ce ta UVB, ita ke sa jikinsa ya iya amfani da kalsiyam. Ƙarfinta yana raguwa ko tana ci, ana canza ta tsakanin wata shida da shekara. In ba ka samu ba, fitar da shi rana da hantsi cikin keji na waya mai inuwa a gefe. Ba cikin gilashi ba: hasken UVB ba ya ratsa gilashi, kuma akwatin zai dafa shi.

Mai Kaji (Talaje): Dakta, zancen koksidiya fa? Mu nan Baycox muke zuba wa kaji a ruwan sha, kwana biyu zawon jini ya tsaya. Ina da saura, in Baban Nana yana so ya aiko yaro.

Dakta (likitar dabbobi): Allah ya saka, Alhaji, amma a dakata. Maganin da ke ciki, toltirazuril, ana ba ƙadangaru, kuma yana aiki. Sai dai na kaji, mai 2,5%, an yi shi ne don a tsarma shi cikin ruwa mai yawa. In aka ɗura shi tsantsa yana ƙona baki da maƙogwaro. A ruwan sha kuma ba zai yiwu ba, don wannan dabbar ba ta cika shan ruwa a kwano ba, ba za ka san nawa ta sha ba. Mai 5%, fari mai kauri, da ake ba ’yan maruƙa da ’yan raguna, shi ake aunawa a ba su ta baki.

Masu sulfa, irin sulfadimetoksin, su ma ana amfani da su, amma suna kashe cin abinci, kuma in jiki ba ruwa suna taruwa a ƙoda. Dabbar da ta yi zawo ta kwana uku ba ta ci ba, ba yau za a ɗora mata wani magani ba. Ina jin shi ya sa abokin aikina ya fara da ɗaya.

Mai Kaji (Talaje): To Flagyl fa? Naga duk zawo shi ake ba yara.

Dakta (likitar dabbobi): Wannan na wasu ƙwayoyin ne daban, ba ya kashe tsutsa. In ya yi yawa kuma ƙwaƙwalwa yake taɓawa: karkacewar kai, rawar jiki, tangaɗi. Ba a ga abin da yake kashewa a kashin ba, don me za a ba shi?

Ɗan Adar (Tawa): Tahwarnuwa da ganyen dogon yaro hwa? Da su tsohhinmu ka yi ma bisashe.

Dakta (likitar dabbobi): Tafarnuwa da albasa ba a ba ƙadangaren nan ko a abinci, Ɗan Adar. Farar da ka ambata ma ina da magana a kanta. Wadda aka kamo a gona tana iya zuwa da tsutsa, tana iya zuwa da maganin feshi, ta kasuwa kuma an soya ta da gishiri da yaji. Gara ya kiwata gyarensa a bokiti.

Maman Biyu (Wadata): Ni tambayata daban ce. Yaya Baban Nana, Nana tana wasa da shi? Tsutsar ba ta kama yara?

Baban Nana (Yantala): Ita ce ma mai shi a yanzu, ƙanwata. Shekararta bakwai. Tun jiya take kuka.

Dakta (likitar dabbobi): Tsutsarsa tasa ce, ba ta zama a cikin mutum. Abin tsoro salmonela ce, da dabbobi masu jan ciki suke ɗauke da ita a kashi ba tare da sun yi ciwo ba. Ta wanke hannu da sabulu duk ta taɓa shi, ban da sumba, ban da wanke kwanonsa inda ake wanke na abinci. ’Yan ƙasa da shekara biyar kuwa a raba su da shi.

Baban Nana, ga abin da za ka yi kafin likitanka ya dawo. Ɗumi tukuna. Ka kwashe yashin da ke ƙasan akwatin ka zubar, ka shimfiɗa takarda, duk ya yi kashi ka canza nan take. Dutse da kwano ka zuba musu tafasasshen ruwa ka shanya a rana, don ƙwan koksidiya ba ya jin ruwan jabel sosai. Ka sa shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi iya kafaɗarsa minti 15, kana tsaye a kansa, ka kuma ɗiga masa ruwa a kan hanci ya lasa. Kada ka ɗura masa abinci da ƙarfi. Ka duba farin da ke fita tare da kashi: in ya yi tauri ya koma rawaya, ruwa ya yi masa kaɗan. Ka riƙa auna shi a sikelin kicin kana rubutawa.

In ka ga rawar jiki, ko jan ƙafafun baya, ko ya ɗaga kai sama ya ƙafe, ko amai, ko jini a kashi, ko ido ya faɗa, kada ka jira kowa, nemi wani likitan a ranar. Na biyun kuwa ba yau za a yanke ba. Ana maimaitawa ne don maganin ba ya kashe duka ƙwai, waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya ake bi. Amma in ranar ta zo bai koma ci ba, a ɗaga.

Mai Shanu (Lazare): Duk wannan hidima a kan ƙadangare! Ba'are, in ya warke ka yi masa suna, ni zan kawo rago.

Baban Nana (Yantala): Jama'a ga labari. Na samu ƙwan fitilar, dutsen ya kai 40. Da yamma ya hau ya baje, gemun ya washe. Shekaranjiya ya ci gyare biyu, yau ya ci ganyen zogale da ɗan kabewa. Nauyinsa 371. Likitan ya dawo, na nuna masa duk abin da aka rubuta nan. Ya ce a ƙara sati ɗaya a kan lokacin, zai rage maganin zuwa 0,1 ml, sannan a sake awon kashi bayan an gama kafin a taɓa koksidiyar.

Mushe (Harobanda): Madalla. Ni da za a bi tawa, a fara awon kafin na biyun. Wataƙila ma ba a buƙatarsa.

Dakta (likitar dabbobi): Wannan kam ba laifi, Mushe, awon kashi ba shi da tsada. Baban Nana ka faɗa masa. Kashin ya zama sabo, na ranar, cikin leda ko ƙaramar kwalba, kada rana ta busar da shi a hanya.

Ɗan Adar (Tawa): Dakta, tunda an ka kawo zancen. Akwai kunkuru gidan baffana nan Tawa, babba, ɗiya har hawa nai su kai. Kaska ta cika mai wuya, kuma jibi mai allurar bisashe za ya zo ma tumaki. Mi za a yi mai?

Dakta (likitar dabbobi): Ka kira baffan yau ka ce kada allurar ta taɓa kunkurun, ko wadda ake zubawa a gadon baya. Kaska da hannu ake cire ta: a kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a hankali kada kan ya karye a ciki, a goge wurin da maganin wanke ciwo na Bétadine da aka tsarma da ruwa. A duba hammata da gindin wutsiya, nan suke ɓuya. Mutum biyu za su yi aikin, kuma a kula da yatsa, in ya janye ƙafa yana matse ta da ƙoƙo. A share ramin da yake kwana a ƙone shara, tumakin da aka yi wa allura kuma a raba su da wurinsa, don maganin yana fita a kashinsu, shi kuwa kunkuru yana cin kashin dabbobi.

Hajiya Mai Kunkuru (Filato): Ɗan Adar, kada ka tura saƙo, kira shi da baki. In tsoho ne, ka sa wani yaro ya tsaya wurin ranar.